KIMIYYA A SAUƘAƘE: Hoton Haƙori Da Gawar Da Aka Kasa Ganewa

Babu abin da ya fi ɗaga hankalin dangi kamar a ce musu nasu ya rasu, amma a kasa nuna musu gawarsa. Mutuwa dai rigar kowa ce, kuma jama'ar ƙasar nan sun san yadda ake karɓarta: a yi wa mamaci wanka da sutura, a sallace shi, a kai shi makwancinsa, a zauna karɓar gaisuwa, daga baya a raba gado. To, amma idan wuta ta ci fuska da tufafi da yatsu, har uwa ta tsaya a kan ɗanta ta kasa cewa shi ne, sai dukan waɗannan al'amura su tsaya cik, a bar gida cikin zulumi wanda ba shi da ranar ƙarewa.

Irin wannan masifa ba baƙuwa ba ce a Arewa. Ran 15 ga Oktoba, 2024, da dare, wata tankar man fetur ta faɗi ta kama wuta a garin Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Adadin waɗanda suka rasu daga baya ya haura mutum 200, kuma da yawa daga cikinsu sun ƙone ƙurmus, aka haɗa su aka binne a babban kabari. Wata uku bayan haka, ran 18 ga Janairu, 2025, aka sake ganin irinta a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, inda sama da mutum 80 suka halaka. Kanawa kuwa ba su manta da ran 4 ga Mayu, 2002 ba, ranar da jirgin saman kamfanin EAS ya faɗo kan gidaje a unguwar Gwammaja, aka rasa rayuka fiye da 100.

Birnin Gombe ma ya sha nasa ɗacin. Ran 22 ga Disamba, 2014, bom ya tashi a tashar Dukku. Ran 16 ga Yuli, 2015, ana jajiberin ƙaramar Salla, bama-bamai biyu suka tashi a babbar kasuwar garin, suka kashe kimanin mutum 50. Kwana shida bayan haka aka kai hari tashoshin Dadin Kowa da Dukku. Gombe mahaɗa ce, hanyoyin Bauchi da Yola da Biu da Potiskum duk a nan suke gamuwa, kuma kasuwa da tasha wurare ne na baƙi. Mutumin da ya fito daga gidansa a unguwar Tudun Wada yana da maƙwabta da za su bi sawunsa kafin magariba. Matafiyin da ya sauka daga wata jiha don ya canja mota kuwa, ba wanda ya san sunansa a garin, danginsa kuma ba su san inda tafiya ta tsaya da shi ba.

ABIN DA RASHIN SUNA KE JAWOWA

Wani zai ce ai wanda ya mutu ya mutu, sanin sunansa ba zai dawo da shi ba. Gaskiya ne, amma masu rai su ne abin dubawa. A Mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Musulunci na Arewa ke bi, mutumin da ya ɓace ba a tabbatar da mutuwarsa ba yana da hukunci na daban. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya bayyana cewa matarsa za ta kai ƙara, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma kafin ta yi wani aure. Dukiyarsa kuma ba a raba ta sai an kai lokacin da ake ganin tsararsa ba za su ci gaba da rayuwa ba. Malamai sun bambanta hukuncin wanda ya ɓace a fagen yaƙi ko lokacin annoba, kuma alƙali ne ke duba kowace shari'a da yanayinta. Duk da haka, mai karatu ya auna halin yarinyar da ba a kira ta matar aure ba, ba a kira ta bazawara ba, da marayun da gonar ubansu da kuɗinsa na banki suke a daskare alhali suna bukatar abinci da kuɗin makaranta.

Yawan masu irin wannan jira ba kaɗan ba ne. A shekarar 2019 Ƙungiyar Agaji ta Red Cross ta Duniya ta sanar da cewa tana riƙe da sunayen 'yan Nijeriya kusan 22,000 da danginsu ke nema, yawancinsu daga Arewa maso Gabas, kuma fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓace. Ba duka ne suka mutu ba, amma duk gawar da aka binne ba suna, akwai gidan da aka bari yana sauraren sallama a ƙofa.

ME YA SA HAƘORI?

Hukumar 'Yan Sandan Duniya, watau Intafol, ta amince da manyan hanyoyi uku na tabbatar da ko wane ne mamaci. Su ne zanen yatsu, da haƙora, da gwajin ƙwayoyin halitta. Tufafi da agogo da katin da aka samu cikin aljihu taimako kawai suke yi, domin ana aron riga, ana kuma riƙe wa wani jaka. Zanen yatsu hanya ce mai sauƙi, ga shi kuma hukumar katin ɗan ƙasa ta ɗauki na miliyoyin mutane, sai dai yatsu suna cikin abin da wuta da ruɓa ke fara ci. Gwajin ƙwayoyin halitta yana da ƙarfi ƙwarai, amma yana da tsada, yana bukatar ɗakin gwaji na musamman, yana kuma cin lokaci.

Haƙori kuwa Allah Ya yi shi da wata irin juriya. Farin ɓawon da ya lulluɓe shi ya fi kowane abu tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi. Kumatu da leɓɓa da harshe suna kare shi daga wuta, saiwarsa kuma tana binne cikin ƙashin muƙamuƙi. Ko da zafi ya tsananta har kan haƙorin ya farfashe, sau da yawa saiwar takan saura. Baligi yana da haƙora 32, kowanne da siffarsa da tarihinsa: wannan an cire shi, wancan an cike raminsa, wani ya karye, wani ya fito a karkace. Idan aka haɗa waɗannan duka, da wuya a sami mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya.

Ido yana ganin kan haƙori ne kawai. Abin da ke ƙarƙashin dasashi sai hoton ƙashi, wanda a asibiti ake kira eksire. Hasken na'urar yana ratsa tsoka cikin sauƙi, ƙashi da haƙori su tare wani sashe nasa, ƙarfe kuma ya tare kusan dukansa. Saboda haka a jikin hoton tsoka takan fito baƙi-baƙi, haƙori ya fito da haske, cikon ƙarfe kuma ya fito fari fat. A nan likita zai ga yawan saiwoyin kowane turmi da lanƙwasarsu, da faɗin ramin jijiya, da guntun saiwar da ya karye ya saura lokacin cirewa, da haƙorin da ya kwanta cikin ƙashi bai taɓa fitowa ba. Cikon da likita ya yi da hannunsa ma yana da siffar da ba ta maimaituwa, kamar yadda sa hannun mutum yake.

Hotunan iri-iri ne. Akwai ƙarami wanda ke ɗaukar haƙora biyu ko uku tun daga kai har ƙarshen saiwa. Akwai babba wanda na'ura ke zagaya kai ta shimfiɗa muƙamuƙin sama da na ƙasa a kan faifai guda, dabarar da wani masani ɗan ƙasar Finlan, Yrjo Paatero, ya inganta bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai kuma na'urar siti, wadda ke yanka hoton jiki sala-sala, kwamfuta ta harhaɗa shi a juya shi ta kowace fuska. Wannan takan nuna har kogon da ke cikin ƙashin goshi, wanda shi ma siffarsa ta sha bamban daga mutum zuwa mutum. Likitocin Jihar Biktoriya ta ƙasar Ostareliya sun yi amfani da ita a kan gawawwakin gobarar daji ta 2009, wadda ta kashe mutum 173.

Hoton yana kuma faɗin shekaru, musamman na yara. Haƙoran nono 20 sukan fara fitowa wajen wata shida, su cika wajen shekara uku. Turmin farko na dindindin yakan fito a shekara 6, na biyu a shekara 12, na ƙarshe kuma daga shekara 17 zuwa sama. Tun kafin su fito, hoto yana nuna matsayin da kowanne ya kai cikin ƙashi, don haka gwani zai iya ƙiyasta shekarun yaro da ɗan kuskure kaɗan. Da zarar girma ya kammala, ƙiyasin yakan yi rauni, sai dai a ce tsakanin kaza da kaza.

TUN YAUSHE AKA FARA?

Wani masani Bajamushe, Wilhelm Rontgen, shi ya gano wannan haske a watan Nuwamba na 1895. A watan Janairu na 1896 wani likitan haƙori na Jamus, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton haƙoransa, ya yi minti 25 a ƙarƙashin hasken kafin hoton ya kama. Ran 4 ga Mayu, 1897, gobara ta tashi a wata kasuwar taimakon gajiyayyu a birnin Faris, ta kashe mutum sama da 120, yawancinsu mata. Da aka kasa gane wasu gawawwakin, sai aka kira likitocin haƙoran mamatan, suka zo da littattafan da suke rubuta aikinsu, aka gane su ta haka. Likita Oscar Amoedo ya tattara darasin wannan gobara cikin littafin da ya buga a 1898, wanda ake ɗauka shi ne tushen wannan fanni.

A 1949 jirgin ruwa mai suna Noronic ya ƙone a tashar birnin Toronto ta Kanada, aka rasa aƙalla mutum 118. A nan likitoci suka nemo tsofaffin hotunan ƙashi na fasinjojin daga asibitocin garuruwansu, suka gwama da waɗanda aka ɗauka bayan mutuwa. Hatta jita-jitar cewa Hitila ya tsere bai mutu a Balin ba, haƙori ne ya kashe ta. A 1973 Farfesa Reidar Sognnaes da abokin aikinsa suka gwama bayanin haƙoran da Rashawa suka samu da hotunan kan Hitila da aka ɗauka a 1944, suka ga sun dace.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Mai karatu zai lura da abu guda cikin waɗannan labarai duka: kullum hoto biyu ake gwamawa. Ɗaya an ɗauke shi mutum yana raye, ɗaya bayan ya rasu. Takardun Intafol ma kala biyu ne saboda haka, rawaya ta bayanin da aka karɓo daga dangi da asibiti, mai ruwan hoda kuma ta abin da aka gani a jikin gawa. Hoton gawa shi kaɗai, komai kyansa, iyakarsa ya ce mamacin yaro ne ko babba, an taɓa yi masa aiki a baki ko ba a taɓa ba. Ba zai faɗi suna ba sai an kawo ɗan'uwansa.

Ambaliyar teku ta ran 26 ga Disamba, 2004 ta nuna wannan a fili. A ƙasar Tailan ta kashe mutum fiye da 5,000, kusan rabinsu baƙi 'yan yawon buɗe ido. Yawancin Turawan da aka gane, ta haƙori aka gane su, domin likitocinsu a gida suna da fayil ɗin kowa. 'Yan ƙasar kuwa, waɗanda kaɗan ne cikinsu ke da irin wannan fayil, sai da aka koma ga zanen yatsu da ƙwayoyin halitta, aikin ya ja lokaci. Ruwa ɗaya ya ci su, likitoci ɗaya suka duba su, abin da ya raba su shi ne takardar da aka adana tun suna raye.

Nijeriya ta ɗanɗana irin wannan darasi. Ran 3 ga Yuni, 2012, jirgin saman kamfanin Dana da ya taso daga Abuja ya faɗi a unguwar Iju-Ishaga ta Ikko, duka mutum 153 da ke cikinsa suka rasu, tare da wasu a ƙasa. Maimakon a yi gaggawar haƙa babban kabari kamar yadda aka saba, sai aka kai gawawwakin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Ikko, inda ayarin Farfesa John Obafunwa, tare da likitocin haƙori, suka duba su ɗaya bayan ɗaya. An gane kusan dukansu, aka miƙa wa dangi. Sai dai gwajin ƙwayoyin halitta, wanda aka aika Ingila aka yi, shi ya ɗauki mafi yawan nauyin. Haƙori ya ba da kaso kaɗan, kuma likitocin da kansu sun bayyana dalili: ba a sami tsofaffin bayanan haƙoran yawancin mamatan ba. To, idan haka abin yake ga masu hawa jirgin sama, yaya ke nan ga masu hawa motar haya daga tashar Dukku?

HALIN DA AKE CIKI A GOMBE

Ba za a ce babu kayan aiki ko masana a Arewa ba. Asibitin Tarayya na Gombe, wanda aka kafa a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, daga baya aka ɗaga shi ya zama asibitin koyarwa, yana da sashen haƙori da muƙamuƙi, yana da sashen ɗaukar hoto. Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano suna yaye likitocin haƙori. Inda gizo ke saƙa shi ne al'ada. Magidanci a Tudun Wada, kamar takwarorinsa a sauran unguwannin Arewa, ba ya tunanin likitan haƙori sai ciwo ya hana shi barci. Kafin nan ya gwada kanumfari, ya gwada ƙwayar kemis, wataƙila ya je wurin mai cire haƙori na gargajiya, wanda ba ya rubuta komai. Idan ma ya isa asibiti aka ɗauki hoto, sau da yawa akan miƙa masa faifan ya tafi da shi. Ciwo na lafawa, sai faifan ya koma ƙarƙashin katifa, zafi da damshi su lalata shi, ko yara su mai da shi abin wasa. Katin asibiti ya ɓata, ranar da aka koma a yanki sabo, fayil ɗin mutum guda ya rabu gida uku.

Duk da haka bakin mutanen Arewa bai rasa alamomi ba. Akwai wushirya, akwai giɓi, akwai jan goro, akwai kuma haƙorin Makka wanda alhazai da hajiyoyi ke sawo wa. Shi wannan ƙarfe ne, yana fitowa sarai a hoto. Amma dubban alhazai suna da shi, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne, sai an san a wane haƙori yake, a wane gefe, da abin da ke kewaye da shi. A nan wayar hannu ta kawo sauƙi. Hoton biki ko na Salla wanda mutum ya yi dariya haƙoransa na gaba suka bayyana, masu bincike a ƙasashe da dama suna ɗora shi a kan hoton gawa su gwada. Bai kai hoton ƙashi ƙarfi ba, amma yana rage yawan waɗanda ake zato.

BATUN ADDINI

Dalilai biyu ke sa jama'a ƙin binciken gawa: tsoron a yanka ta, da tsoron a jinkirta jana'iza. Dukansu dalilai ne masu tushe, domin Musulunci ya girmama jikin mamaci, ya kuma kwaɗaitar da gaggauta binnewa. To, ɗaukar hoto ya sha bamban da fiɗa. Haske ne ke ratsawa, ba wuƙa ba. Yau akwai ƙananan na'urori na hannu masu aiki da batir, waɗanda ake iya kai su har inda haɗari ya auku, hoton kuma ya fito a kwamfuta nan take. Ba dole ne a ajiye gawa har sai an gano mai ita ba. Ana iya ɗaukar hoton haƙoranta da zanen yatsun da suka saura, a ɗebi ɗan samfur don gwajin ƙwayoyin halitta, a ba ta lamba, a sallace ta, a binne ta a kabari mai ɗauke da wannan lambar. Ko bayan shekara dangi suka zo da hujja, sai a buɗe fayil a nuna musu kabarin nasu, alƙali kuma ya sami abin dogaro. Shawarar da Red Cross da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bai wa masu aikin ceto ke nan, cewa kada a binne gawa ba tare da lamba da bayani ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, asibitocin gwamnati da na kuɗi su riƙa adana kwafin kowane hoton haƙori da suka ɗauka a kwamfuta, da cikakken sunan mai shi da lambar katinsa na ɗan ƙasa, su kuma cika taswirar baki gaba ɗaya ranar da mutum ya fara zuwa, ko da haƙori guda ya kawo shi. Wannan aiki ne na mintoci, kuma mai rai ne ke fara cin amfaninsa, tunda likitan da zai duba shi gaba zai san abin da aka yi a baya.

Na biyu, Hukumar Agajin Gaggawa ta Jihar Gombe da takwarorinta na sauran jihohi su sa likitan haƙori da ma'aikacin ɗaukar hoto cikin ayarin da ake kira idan babban haɗari ya auku, a tanadar musu na'urar hannu, a horar da su tun kafin ranar ta zo. Tun ran gini tun ran zane. Malamai da masu unguwanni kuma a zauna da su a yi musu bayani, domin a ranar tashin hankali maganarsu jama'a ke ji.

Na uku ya rataya a wuyan kowane magidanci. Ba ana cewa mutum ya je ya ɗauki hoto ba gaira ba dalili ba ne, domin hasken, ko da yake kaɗan ne, likita ne ke da ikon cewa a yi ko a bari. Abin nufi shi ne duk hoton da likita ya riga ya sa aka ɗauka, na uba ne ko na uwa ko na yaro, a sa shi cikin ambulan, a rubuta suna da kwanan wata da sunan asibiti, a ajiye shi tare da takardun gida da na gona. Direbobi da fatake da 'yan ci-rani da ɗalibai, waɗanda rabin rayuwarsu a kan hanya take, su ne suka fi bukatar haka. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Faifan da aka raina yau, wata rana shi zai raba wata baiwar Allah da jiran shekara huɗu, ya kuma nuna wa marayu kabarin da za su tsaya a kansa su yi wa ubansu addu'a.

Allah Ya kiyashe mu da mummunan ji da mummunan gani, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.